Ingilishin Cima Mai Gabu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Ingilishi a kolej, ban taɓa samun ɗalibin da ya tuhume ni kamar Cima ba, ita da ko sunanta babu a rajista. Mai sayar da gabu ce a Sabon Gida, ganyen albasar nan da mata ke kirɓawa su dunƙula su shanya don miya. Ta haura hamsin da biyar, gajera ce siririya, ga ido kamar na mai neman allura a rairayi. Gidanta yana kallon ɗakin da na kama haya lokacin da aka turo ni daga Buza, kuma wata biyu muka yi babu abin da ke haɗa mu sai ina kwana.

Wata Talata bayan la'asar ta yi sallama ta shigo da ɗan kwano a lulluɓe. Ba ta zauna ba sai da ta ƙare wa ɗakin kallo, tun daga katifa har kwalin littattafai.

"Madam, an ce ke ka koya ma yara Angale," in ji ta. Haka mutanenmu ke kiran Ingilishi.

"Ni ce, Inna."

"To ƙirga nika so ki koya min. Daga ɗaya har inda tat tsaya."

Na tambaye ta abin da za ta yi da ita. Ta ce 'yan Gana masu sayen albasa take so ta riƙa jin abin da suke faɗa. Na dube ta. 'Yan Gana ba sa sayen gabu, waɗanda ke zuwa ɗaukar albasa kuwa Hausarsu ta fi tawa. Ƙarya ce tsagwaronta, ta kuma san na gane, amma ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ni ma a lokacin ba da zuciya ɗaya nake zaune a garin ba. Na yi cacar baki da iyayen yara a kan kwashe mini rabin aji da suke yi duk lokacin dashen albasa, ga ni mace ba miji a garin da ba nawa ba. Sai na ɗauka aiko ta aka yi ta gano mai shiga ɗakina da mai fita. Na ce a raina, to zo ki gani, tsohuwa, sai kin gaji da wan da tu kin gudu da ƙafarki. Na karɓi gabun na ce ta dawo gobe.

Sai daga baya na san abin da ya kawo ta, amma gara in faɗa tun yanzu.

Cima 'yar wani ƙauye ce kusa da Ibohamane. Tana budurwa ta yi aikin jera duwatsu a jikin tsauni, lokacin da aka zo da aikin tare ruwa da dashen itatuwa. Ta ba ni labarin wani Bature da ya tsaya gabansu ya yi ta magana yana nuna gabas da yamma har ƙafafunsu suka gaji, da ya gama sai tafinta ya juyo ya ce musu, "Ya ce ku ƙara ƙoƙari." Tun ranar ta daina yarda da duk maganar da ta biyo ta bakin wani kafin ta iso kunnenta. Aure ya kawo ta Sabon Gida, gidan Bawa mai garkar albasa. Ta haifi shida, uku suka tsaya, Sufyanu da mata biyu da ke ɗakunansu. Bawa ya rasu shekara takwas da suka wuce. A kasuwa kowa ya san halinta. Ba ta sayen gishiri sai ta lasa, ba ta karɓar labarin rasuwa sai daga bakin wanda ya je jana'iza.

Sufyanu ya shekara huɗu a Kumasi yana sauke buhunan albasa a kasuwa. Shi ya aiko mata da babbar salula don ta riƙa jin muryarsa, kuma kowace Juma'a saƙonsa na shigowa: yana lafiya, aiki ya yi yawa, a gaida kowa. Da yakan kira har a ga fuskarsa, daga baya ya ce idon wayarsa ya fashe. Ran nan sai ga saƙo daga lambar da ba ta sani ba, muryar mace, Ingilishi zalla, minti biyu da wani abu. Abu ɗaya ta gane a ciki, sunan ɗanta, kuma sau huɗu aka faɗe shi. Wajen ƙarshe muryar matar ta yi rawa.

Ta kai wa Aƙilu, ƙanen mijinta, wanda ya yi shekara ashirin yana bin kamiyon albasa, manyan motocin kayan nan, zuwa Gana, shi ne ma ya kai yaron can. Aƙilu ya kara a kunne ya saurara har ƙarshe, ya miƙo mata ya ce, "Mai ɗakin da shika haya ce. Tana gaishe ki." Shi ke nan. Minti biyu da wani abu, har da rawar murya, sun koma gaisuwa.

Da wata uwar ce da ta cakumi rigar Aƙilu ta tara masa jama'a. Cima ba ta da wannan damar, don Sufyanu ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwarsa a gaban mutane, ko zancensa aka kawo kawar da kai take yi. Cima ta riƙe wannan kunya fiye da kowa, "wancan" take ce masa. Ba za ta iya bi gida gida da salula tana cewa a ji mata abin da ya sami ɗanta ba, kuma ko ta yi, ta tabbata duk wanda ta kai wa zai dubi furfurarta ya rage mata. Sai ta yanke shawarar da ni dai ban taɓa jin wani ya yanke ba. Za ta koyi harshen, ta ji da kunnenta abin da ya sami yaron.

Da dunƙulen gabu muka fara. Ta jera goma a kan tabarma, ina faɗa tana taɓawa. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma abin da ya shiga kanta ya shiga ke nan. A kwana uku ta kai ten, a mako biyu ta wuce fifti. Da hantsi ina jiyo ta ta katanga tana kirɓin ganye, kowace saukar taɓarya da lambarta. Maƙwabta suka fara raɗe-raɗin tsohuwa ta taɓu, wasu kuma suka ce ni ce na shigo da wani addini nake ɗura mata.

Abin da ya riƙa ƙona mini rai shi ne jarrabawar da take yi mini. Abin da ta tambaya ran Litinin sai ta sake tambaya ran Alhamis kamar ta manta, tana kallon bakina ta ga ko zan canza. Ran kasuwar Madawa ta je shagon wani ɗan Najeriya mai sayar da kayan babur, ta ɗaga masa yatsu uku. Da ta dawo ko gida ba ta shiga ba ta faɗo ɗakina.

"Madam, ɗayanku na yi min ƙarya. Shi tiri yac ce. Ke kuwa wani abu ki ka hwaɗi awa mai hura wuta."

Na ce duk ɗaya ne, nawa ne dai na littafi. Na nuna mata yadda ake sa bakin harshe tsakanin haƙora a huro iska. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ni da na aurad da ɗiya biyu, ki ce in hiddo halshe gaban mutane? Bar min na mai babur."

Na bar mata, ina ta tsaki a zuci. Shekara huɗu na yi a jami'a, ga mai gabu tana auna ni da mai sayar da taya.

Daga ƙirga ta ce sai sassan jiki. Na ce ban ga abin da ya haɗa albasa da gwiwa ba, ta ce in koya mata dai. Muka yi kai da ido da hannu da ƙafa, tana dafa nata tana faɗa, hed, ai, han, leg. Muka yi ranaku da watanni da kayan ci. Sai ta fara zuwa da tambayoyi uku uku, biyu na banza, ɗaya mai nauyi a tsakiya. Yaya ake cewa jaki, yaya ake cewa kaso, wato gidan yari, yaya ake cewa tukunya. Washegari ludayi, ɗan sanda, kaza. Ashe kowace kalma mai nauyi gida take kai ta, ta kunna saƙon, ta kasa kunne ta ji ko tana ciki. In babu, ta cire wannan daga cikin abin da take tsoro.

Ran da ta tambayi mutuwa, tsakanin tsintsiya da gishiri ta saka ta. Na faɗa mata duk yadda ake faɗa, ta sa na maimaita sau biyar, ta tashi ba sallama. Washegari ta shigo da kwanon gabu cike har yana zuba, ta zauna ta tsokane ni a kan yadda nake ɗaura kallabi, ta yi dariya har na ga wushiryarta. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Na ce lallai matar nan da abin da take ɓoyewa.

A mako na biyar ta juya abin. Yanzu ita ke zuwa da sautin a bakinta, ta ajiye mini in ba ta ma'ana. Wasu sun lalace a hanya har ba na gane su, sai ta ce in faɗi duk kalmomin da suka yi kama, ita ta zaɓi wadda ta ji. Haka muka tono hospitul da dokta da rum, wato ɗaki. Irin lafazin ba nawa ba ne, ba kuma na mai babur ba, na 'yan Gana ne. Wata rana da azahar na leƙa ta katanga zan ari rariya, na hango ta tsugune tsakanin tabarmin shanya, salula a cikin kallabi manne da kunne, leɓɓanta na motsi. Sai na zaci 'yan damfarar waya ne suka kama ta.

Da ta zo na ce, "Inna, in saƙo ne aka aiko maki, ki ba ni in ji. Minti ɗaya na hwaɗa maki komi."

Fuskarta ta rufe nan take.

"Wa yac ce maki an aiko min saƙo?"

"Ba kowa. Na dai ga..."

"Kin dai leƙa. Koyarwa anka turo ki ko leƙe?"

Ta naɗe tabarmarta ta fita, kwana huɗu ba ta dawo ba. Na ji haushi ƙwarai, don ni da na ɗauka leƙen asirina aka turo ta, ga shi ni aka kama ina leƙe.

Cikin kwanakin nan Aƙilu ya tare ni a ƙofar kolej bayan an tashi. Dogo ne mai gemu, ya iya gaisuwa. Sai da ya tambayi Buza da mutanen Buza kaf, sannan ya rage murya.

"Madam, matar yayana na zuwa wurinki. Mi ki ka koya mata?"

Na ce abin da ta tambaya.

"Don Allah ki rage mata. Ki tsaya ga ina kwana da ina wuni. Tsohuwa ce, ba komi ya kamata ta ji ba."

Na ce wane abu ne bai kamata ta ji ba? Ya dubi ƙasa, ya dubi hanya, ya ce shi dai ya roƙe ni. Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Na san garkar Bawa tana hannunsa tun da yaron ya tafi, sai zuciyata ta ce mutumin nan ba ya son mai garka ya dawo. Ni kuma ba a gaya mini wanda zan koya wa da wanda ba zan koya wa ba. Da yamma na tsallaka da kaina na yi wa Cima sallama, na ce darasi na nan gobe. Na kuma gaya mata wanda ya tare ni da abin da ya ce. Ta jinjina kai kawai, kamar wadda aka ba labarin abin da ta riga ta sani.

Kwana goma bayan haka ta kawo kalma guda ɗaya, ba jaki ba tukunya. Ta faɗe ta sau biyu, gajera. Na ce yankewa ke nan, kamar a yanke nama ko igiya. Ta ce, "Ko itace?" Na ce ko itace. Ta tashi a hankali tana dafa bango.

Washegari Asabar ce, babu makaranta. Da hantsi ta shigo, ba kwano a hannunta sai salula. Ta zauna ta ajiye ta tsakaninmu, ta dafe da tafin hannu.

"Madam, ni za ni hwaɗa maki abin da ac ciki. Ke naki ki ce i ko a'a. Kak ki ƙara, kak ki rage."

Na ce to.

"Wancan na Kumasi ne. Ya kwanta likita. Wata biyat ke nan. Dokta ya yanke mishi ƙahwa guda. Shina cikin ɗaki, ba shi cin abinci."

Ta faɗe su ɗaya bayan ɗaya, muryarta a tsaye, sannan ta ɗage hannu ta kunna. Matar ta ce sunanta Akosuwa, abinci take sayarwa kusa da inda Sufyanu ke kwana. Kamiyo ne ya ja da baya a kasuwa ya take shi. Duk abin da Cima ta lissafa yana nan, babu kuskure ko ɗaya. Mako bakwai ta yi tana tono abin da na ji a minti biyu. Hawaye suka cika mini ido, na ce, "I, Inna. Haka tac ce."

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da saƙon baya da ɗan yatsa, daidai wurin da take so, don ta san shi kamar hanyar garka.

"Nan ne ban samu ba. Nan inda muryatta ka rawa. Na san Aƙilu yab ɓoye min, ina son in ji ko ta ambaci dalili."

Na sake saurara. A nan na gane halin da Aƙilu ya shiga, har na ji kunyar zargin da na yi masa. Ni ma bakina ya so ya ce addu'a ce kawai take yi. Cima kuwa ta kafe ni da idon nan nata, ta san tsawon wurin, ta san numfashi nawa ne a ciki. Na fassara mata jimla jimla.

Sufyanu ne da kansa ya tara mutanenmu da ke can, tun yana gadon asibiti, ya sa suka rantse ba za su gaya wa uwarsa ba. Ya kira baffansa Aƙilu ya rantsar da shi shi ma. Ya ce ya fito ne don ya ɗauke mata wahala, ba zai koma a riƙa ɗaukarsa ba. Akosuwa ta bi masu jin Hausa ɗaya bayan ɗaya su yi mata magana da uwar, duk suka ƙi, sai ta ɗauki lambar a wayarsa yana barci ta yi da harshen da take da shi. Ta ce ita ma uwa ce, kuma yaron nan yana ƙarewa a gabanta.

Cima ta ɗago kai ta dube ni.

"Shi yas sa su?"

"Shi, Inna."

"Dut Juma'a shina ce min lahiya lau." Ta girgiza kai. "Na zargi Aƙilu. Na zargi matar ga, na ce ko asiri tay yi mishi. Na zargi ɗiyana mata, na ce da bakinsu. Ke ma ban bar ki ba. Garin ga kakab ba wanda ban auna ba, sai mutum guda."

A nan muryarta ta karye. Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ni kuma na rasa abin yi sai na riƙe mata hannu. Tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi.

Da ta nutsu ta share fuska, ta ce in danna mata wurin aika magana. Ga Akosuwa ta fara, da Ingilishinta, ba ta nemi in gyara mata ba. Ta ce ita ce uwar, ta ji, ta gode. Kalma shida ko bakwai ne, kowace ta fita da ƙyar, amma babu Bagana da zai kasa ganewa. Sannan ta ce in buɗe na wancan. Shi da Hausa ta yi masa.

"Na ji. Ba Aƙilu yag gaya min ba, kak ka ga laihinai. Da kunnena na ji. Ina nan zamne, ka kira."

Muka zauna. Alamar ta nuna ya saurara. Aka kira azahar, muka yi salla a ɗakina, ta koma ta zauna gaban salular ba ta taɓa ruwan da na kawo ba. Na fara tsoron ba zai kira ba. Sai wajen la'asar wayar ta ɗauki ƙara, kuma kira ne mai hoto.

Na karɓa na miƙa mata. Ga fuskarsa, ta rame har ƙasusuwan kumatu sun fito, gashi ya taru. Idon wayar lafiyarsa ƙalau. Ya buɗe baki ya ce, "Inna."

"Sauke wayag ga ƙasa in gani," in ji Cima.

"Inna, don Allah..."

"Sauke."

Hoton ya yi rawa, ya bi ta kan riga, ya sauka kan katifa. Ni dai na kawar da kaina. Ita ba ta kawar ba. Ta matso da wayar kusa da ido ta duba sosai, ta daɗe tana dubawa, ana jin shessheƙarsa daga can.

"To, na gani," ta ce. "Ɗago. Ka ci abinci yau, ka ji ko? Kamiyon Aƙilu na tashi jibi, ni da shi za mu taho. Ni nis saba ɗaukakka tun ba ka da ƙahwar tahiya ko guda."